Tarihin Labaran Al'ajabi a Ƙagaggun Littattafan Hausa

Labaran al'ajabi reshe ne na ƙagaggun labaran Hausa da ke kai mai karatu duniyar aljanu da matsafa da sihirtattun birane, daga baya har sararin samaniya. A Amurka irin wannan rubutu ya bunƙasa ne a mujallu masu araha kamar Weird Tales (1923) da Amazing Stories (1926), inda marubuta irin su Seabury Quinn suka ƙirƙiro masu binciken fatalwa da tsafi. A ƙasar Hausa kuwa tushensa tatsuniya ne, da hikayoyin Larabci irin na Dare Dubu da Ɗaya, da labaran mayaƙa.

Mafari

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Biyu daga cikin waɗanda suka yi nasara wa da ƙane ne 'yan asalin Kagara, garin da ke maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari: Malam Bello Kagara da Abubakar Imam. Dukansu sun dogara ga al'ajabi.

Gandoki na Bello Kagara ya faro daga tarihi na haƙiƙa, wato yaƙin Turawa da Kwantagora. Da aka ci ƙasar, sai jarumin ya nausa gabas da ɗansa Garba Gagare, yana gwabzawa da aljanu. Abin da takobi ya gaza yi wa bindigar Bature, marubucin ya rama shi a duniyar aljanu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, jarumin labarin, Alhaji Imam, ya shiga duniya neman ruwan magani, suna ta ƙulla wa juna sharri shi da Malam Zurƙe, har aljanu suka taimaka masa ya cim ma burinsa.

Shekarun 1950

Bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da Hukumar NORLA a 1953, Zariya ta ci gaba da zama cibiyar ɗab'i. A wannan zango aka sami Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Sihirtaccen Gari na Ahmadu Katsina, da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, mai ba da labarin 'yan fashi. A irin waɗannan labarai ba ɗan sanda ke tona asiri ba. Asiri ake karyawa da asiri, ko da addu'a, ko da ƙarfin damtse.

Tauraruwa Mai Wutsiya

A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba, wanda baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. A nan na'ura ta karɓi aikin da aljani ke yi a dā, amma tsarin tafiyar bai canja ba: yaro ya bar gida, ya ga abin mamaki, ya ƙaru da ilimi. Masana na lissafa shi a matsayin littafin ƙagen kimiyya na farko a Hausa.

Adabin Kasuwar Kano

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, a ƙananan kundaye masu araha da ake rarrabawa kashi-kashi, ana sayarwa a kasuwa ko a ba da haya. Wannan ne ya fi kama da mujallun Amurka. Soyayya ta mamaye kasuwar, amma Nazir Adam Salih ya yi fice a labaran ban tsoro da kasada, Bala Anas Babinlata a na bincike da ta'asa, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma a littattafan yaƙi masu cike da bokaye da sadaukai. A yau yawancin irin waɗannan labarai ana karanta su ne a waya ko a saurare su a YouTube. Har yanzu dai aljani ya fi kumbo kasuwa a wurin masu karatun Hausa.