Ma'arifa (Sufanci)

Ma'arifa kalma ce ta Larabci da ke nufin sani. A wajen Sufaye tana nufin sanin Allah da zuciya, wanda ya sha bamban da ilmin da ake samu ta hanyar karatu ko hujjar hankali. Ana kiran wanda ya kai wannan matsayi arifi, wasu kuma su ce ya samu budi ko wusuli. Malamai kan danganta ta da Ihsani, wanda Hadisin Mala'ika Jibrilu ya bayyana da cewa shi ne mutum ya bauta wa Allah kamar yana ganinsa.

Matakai

Sufaye sun ce muridi yana farawa da tuba da tsarkake zuciya daga riya, hassada da girman kai. Daga nan zai iya kaiwa ga fana'i, inda ganin kansa ke gushewa saboda tsananin tuna Allah, sannan baƙa'i, inda yake komawa cikin jama'a yana tsaye a kan shari'a. Imam Ghazali (ya rasu 1111) ya ce wannan sani ɗanɗano ne, kamar yadda bayanin ƙoshi ya bambanta da ƙoshin kansa. Junaidu na Bagadaza ya fifita natsuwa a kan maye na ruhi, yayin da aka kashe Hallaju a shekarar 922 bayan an tuhume shi kan kalamansa.

A ƙasar Hausa

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) Baƙadire ne, kuma ya rubuta cewa an yi masa buɗi yana da shekara 36. Maganar ma'arifa ta ƙara yaɗuwa ne ta hanyar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Senegal (1900–1975), wanda a 1929 ya bayyana cewa shi ne ma'abocin Failar da Shehu Ahmadu Tijjani ya yi bushara da ita. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, daga baya Kano ta zama babbar cibiyar Faila.

Shehu Ibrahim ya kasa addini matakai uku: Musulunci, Imani da Ihsani. Kowane mataki yana da matsayi uku, na tara kuma shi ne ma'arifa. Ya koyar da cewa manomi, ɗan kasuwa ko mace a gidanta duk za su iya kaiwa gare ta ta hanyar tarbiyya, wato zikiri na musamman a ƙarƙashin kulawar shehi ko muƙaddami, ba sai an shafe shekaru a halwa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa zawiyoyi suka bazu har garuruwan noma na kudancin Katsina, irin su Funtuwa, Malumfashi da Matazu.

Saɓani

Shaikh Abubakar Gumi ya soki ɗariƙu a littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha na 1972, sannan aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Masu wannan fahimta suna ganin ana sanin Allah ne ta sunayensa da siffofinsa da suka zo a Alƙur'ani da Hadisi, kuma babu wani buɗi da za a kafa hujja da shi. Sufaye kuma suna amsa cewa duk buɗin da ya saɓa wa shari'a ruɗin Shaiɗan ne. Da wannan ne manyan malaman Tijjaniyya suka nesanta kansu daga waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, waɗanda ake zargi da wuce gona da iri wajen girmama shehunnai.

Da yake ma'arifa abu ne na zuciya, babu ma'aunin da zai tabbatar wa wani cewa wane ya same ta. Shi ya sa littattafan Sufanci ke cewa alamarta ita ce kyawun hali, tawali'u da tsayuwa a kan salla.