Whot: Tarihin Wasan Karta da Dokokinsa

Whot wasan karta ne da ake yi da kati masu ɗauke da siffofi biyar da lambobi. A Ingila aka ƙirƙiro shi, amma a Nijeriya ya samu gindin zama. A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, a arewacin Jihar Kaduna, yana cikin wasannin da matasa ke yi a majalisa idan an taso daga gona ko kasuwa, tare da dara da ludo.

Asali

Masana tarihi suna danganta asalin karta da ƙasar Sin. Daga can ta biyo hanyoyin fatauci har Masar a zamanin daular Mamluk, inda aka yi wasa da kati 52 masu gida huɗu. Har yau akwai ragowar irinsu a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul. Karta ta shiga Turai a shekarun 1370. Whot kuwa na baya-bayan nan ne. William Henry Storey ya yi wa sunan wasan rajista a 1935, daga bisani kamfanin Waddingtons na birnin Leeds ya karɓi buga shi. Ya yi tashe a Birtaniya a shekarun 1950 da 1960, sannan tauraronsa ya dusashe a can, a Nijeriya kuwa ya shiga birni da ƙauye.

Tsarin kati

Kartar da aka saba da ita a Nijeriya kati 54 ce. Bol, wato da'ira, 12 ne, angul mai kusurwa uku 12, kuros 9, kafet mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7, sai kati biyar masu lamba 20, su ne Whot ɗin kansu. Babu lamba 6 babu 9. Ana rarraba wa kowa kaɗan, a kife sauran a tsakiya, shi ne kasuwa. Ɗan wasa zai sauke katin da ya dace da na ƙasa a siffa ko a lamba, in ba shi da shi ya ja ɗaya daga kasuwa. Wanda ya riga ƙarar da na hannunsa ya ci.

Dokoki

Armashin wasan yana ga katin hukunci. Wanda ya sauke 1 zai sake saukewa. Lamba 2 tana sa na gaba ya ja biyu, 5 ta sa ya ja uku, 8 ta tsallake shi, 14 ta tura kowa kasuwa, mai 20 kuma ya kira siffar da yake so. Idan aka zo lissafi, tauraro ninki biyu ake ƙirga shi.

Sai dai kowace majalisa da nata. Kafin a raba, ana tsayar da magana: nawa za a ba kowa? Za a iya tare 2 da wata 2, hukuncin ya haye kan na gaba? An yarda mutum ya rufe wasa da 20? Katin da ya tsufa har ana gane shi ta baya, fitar da shi ake yi, domin ya zama ƙofar maguɗi. Abin da aka shirya tun farko shi ke kashe gardama, kuma shi ya sa baƙo daga Zariya zai zauna a Hunƙuyi da ke Kudan, a faɗa masa ƙa'idar wurin, ya shiga wasa nan take.

Makamancinsa a duniya

A 1993 Richard Garfield ya fito da Magic: The Gathering a Amurka, wasan da ake tara katinsa ana musaya. Masu yinsa sun ɓullo da al'adar haɗa tulin kati na kansu, galibi 360 don mutum takwas, kowane kati ƙwaya ɗaya tak. Ana kasa su 15-15, kowa ya zaɓi ɗaya ya miƙa saura, har ya tara 45. Mai haɗa tulin yana auna ƙarfin kowane ɓangare don kada wani ya danne saura. Manufa ɗaya ce da ta majalisa: adalci kafin rabo.

Matsayinsa a al'umma

Caca ce ta ɓata wa karta suna a ƙasar Hausa. Musulunci ya haramta ta, iyaye da malamai kuma suna tsawatarwa a kan wasan da ke cinye lokacin salla ko na aiki. Shi ya sa majalisar da ta san mutuncinta take sa doka biyu a gaba da sauran: ba a zuba kuɗi, kuma da an kira salla a tattara kati.