Tarihin Koyar da Rubutu ga Ɗaliban Fasaha da Kwamfuta a Amurka

1.0 Gabatarwa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ya karanta injiniyanci ko ilimin kwamfuta ba ruwansa da iya rubutu, wai lissafi kawai ya ishe shi. Wannan takarda za ta bi sawun yadda darasin rubutu ya shiga manhajar waɗannan ɗalibai a Amurka, inda abin ya fara kafuwa, da kuma dalilan da suka tilasta hakan.

2.0 Mafari

A shekarar 1862 aka kafa dokar Morrill, wadda ta ba jihohin Amurka filaye domin su gina kwalejojin noma da fasaha. Makarantun injiniyanci suka yawaita, amma aka rage wa harshe lokaci a cikinsu. Daga baya, masu masana'antu suka fara kukan cewa sababbin injiniyoyi ba su iya rubuta rahoto ko wasiƙar aiki ba.

A 1908 T. A. Rickard, injiniyan haƙar ma'adinai kuma editan mujalla, ya wallafa jagorar rubutun fasaha. A 1911 Samuel Earle, malamin Ingilishi a Kwalejin Tufts, ya fitar da littafin koyarwa domin ɗalibai. Duk da haka darasin bai yi farin jini ba. Malaman adabi suna ganin aikin ya yi musu ƙanƙanta, injiniyoyi kuma suna ganin malaman harshe ba su san inji ba.

3.0 Yaƙi da Zuwan Kwamfuta

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya al'amarin. An ƙera jiragen sama da na'urorin rada masu sarƙaƙiya, kuma dole sojan da ba injiniya ba ya iya aiki da su, ya gyara su ta hanyar bin takarda. Nan rubutun fasaha ya zama sana'a. A 1949 Joseph Chapline ya rubuta littafin jagora na kwamfutar BINAC, wanda ake lissafawa cikin na farko irinsa. A 1953 marubutan fasaha suka kafa ƙungiyoyinsu, sannan a 1958 Cibiyar Fasaha ta Carnegie ta buɗe digirin farko a wannan fanni.

4.0 Ra'ayin Masanan Kwamfuta

Su kansu masanan sun shiga maganar. A 1975 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya nuna cewa bayan basirar lissafi, babu abin da mai tsara manhajar kwamfuta yake buƙata kamar ƙwarewa a harshensa na uwa. Hujjar a fili take: wanda bai iya bayyana matsala da harshensa ba, da wuya ya tsara wa na'ura matakan warware ta.

Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya ƙara gaba. A 1984 ya kawo shawarar a riƙa rubuta manhaja tamkar bayani ne ake yi wa mutum, ba umarni ga inji kaɗai ba. A 1987 ya koyar da kwas guda a kan rubutu a sashen ilimin kwamfuta, aka buga darussan a 1989.

5.0 Darasin Kumbon Challenger

Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka rasu. Bincike ya gano cewa tun watan Yulin 1985 injiniya Roger Boisjoly ya rubuta takardar gargaɗi game da zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar. Gargaɗin yana nan a rubuce, amma bai hana tashin ba. Daga nan malaman rubutu suka mai da takardun wannan lamari abin nazari a aji: wa aka rubuta wa, a ina aka ajiye muhimmin batu, kuma me ya sa mai yanke shawara bai ɗauki mataki ba?

A ƙarshen shekarun 1990 hukumar ABET, mai tantance kwasa-kwasan injiniyanci, ta sanya iya isar da saƙo cikin abubuwan da dole jami'a ta nuna ɗalibanta sun samu. Wasu jami'o'i suka ware kwas na musamman, wasu kuma suka cusa rubutu cikin darussan fasahar kansu.

6.0 Kammalawa

Tun fitowar ChatGPT a 2022, na'ura tana iya haɗa rahoto cikin ɗan lokaci. Sai dai tantance gaskiyar abin da ta rubuta, da sanin wanda zai karanta shi, suna kan mutum. Ɗalibin harshe da zai fassara ko ya rubuta bayanin fasaha da Hausa zai gamu da buƙatun da suka haifi wannan fanni: sanin mai karatu, zaɓen kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, da sa muhimmin batu a gaba.