Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Hoton Ƙashi: Tarihin Kumburin Gwiwa a Birnin Zazzau

Tun kafin Dakta Walter Miller ya fara ba da magani a cikin birnin Zariya a farkon ƙarni na 20, mutanen cikin ganuwa sun san ciwon gwiwar tsufa, suna kiransa amosani ko sanyin ƙashi. Wanzami kan yi tsaga a gwiwar da ta kumbura, ya kafa ƙaho, ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. A wurinsa, kumburin shi ne cutar.

Likitancin Turai wata hanya ya bi. Bayan gano hoton ƙashi a 1895, likitoci suka ga guringuntsi ya zaizaye, ƙashi na gogar ƙashi, sai suka ɗauki ciwon a matsayin cinyewar gaɓa kawai, kamar yadda turmi ke cinyewa da yawan daka. A 1957, Kellgren da Lawrence na Ingila suka tsara ma'aunin wannan zaizaya. Fahimtar da ta mamaye littattafai ke nan lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara horar da likitoci a ƙarshen shekarun 1960.

Sai dai akwai tambayar da ta gagari wannan bayani: me ya sa masu ƙiba suka fi kamuwa da ciwon har a yatsun hannu, waɗanda ba sa ɗaukar nauyin jiki? Gano sinadarin leptin a 1994 ya nuna cewa kitse na fitar da sinadarai cikin jini, wasunsu masu rura kumburi. Hoton MRI kuma ya bayyana kumburin tantanin da ke lulluɓe gaɓar. Ɓarɓashin guringuntsi ne ke tsokanar tantanin, shi kuma ya saki sinadaran da ke ƙara cin guringuntsin.

Ashe wanzami ya ga alamar gaskiya, amma kumburin yana can cikin gaɓa, inda ƙaho ba ya kaiwa. Kashe kumburin da ƙarfin magani ma yana da nasa haɗarin. Wani bincike a Amurka a 2017 ya gano cewa allurar triamcinolone a gwiwa duk wata uku, tsawon shekara biyu, ta ƙara zaizayar guringuntsi ba tare da ta fi ruwan gishiri rage zafi ba. Dogon shan diclofenac, wanda ake saya a kemis ba takardar likita, yana illata ƙoda da ciki.

Binciken Framingham na 1992 kuwa ya nuna cewa matan da suka rage kimanin kilo 5 sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kusan rabi. Duk mai ɗawainiyar dattijon da ya koma salla a zaune, ya fara da rage nauyi, ƙarfafa naman cinya, da ganin likita kafin allura.