Bakanikan bakin hanya a Gene: daga zamanin gyaɗa zuwa rufe gada

'Yan uwa 'yan ƙungiya, a duk bikin cikar shekara mukan tuna da dattawan da suka kafa wannan tafiya, mu yi wa waɗanda suka rasu addu'a, mu yi lissafin kuɗin shiga da na fita. Akwai wasu mutane da ba sa cikin rajistarmu, ba sa biyan kuɗin wata, amma babu ɗaya daga cikinmu da kayansa ba su taɓa kwana a hannunsu ba. Su ne bakanikai da masu faci da masu walda na bakin hanya, musamman na Gene, mararrabar da ke kudu da Malanbil, inda hanyar Karimama ta rabu da babbar hanyar Kwatano.

Hanyar nan ta girmi mota. Fataken Kano da Sakkwato masu zuwa Gwanja sayen goro sukan tsallake Kwara a wajen Ilo ko Gaya, su bi ta Kandi da Zugu da jakunansu. A lokacin, maƙerin zango da mai ɗinkin mangala ne masu gyara.

Abin da ya kawo manyan motoci shi ne layin dogo da ya tsaya a rabin hanya. Faransawa sun ja shi daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, bai ƙara gaba ba har yau. Tsakanin Paraku da bakin kogi akwai fiye da kilomita 300, dole mota ta cike wannan giɓin. A 1953 aka fara shirin da suka kira Opération Hirondelle, don gyaɗar Nijar ta daina bi ta Kano zuwa Ikko ta koma bi ta Dahomey: motoci su sauko da gyaɗa Paraku, su koma da siminti da mai da kayan kanti. Hanya ba kwalta, kogi kuma sai da jirgin fito, har aka gina gadar Malanbil da Gaya a 1958. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar, wadda daga baya muka sani da OCBN.

Hanyar jar ƙasa mai gargada tana cin sifirin da taya kamar wuta. Manyan kamfanonin sufuri suna da garejinsu a birane, amma mota ba ta zaɓen inda za ta mutu. Idan ta mutu a dajin Gungun, tsakanin Kandi da Gene, abin da ake yi jiya shi ake yi yau: a karyo ganye a jera a kan hanya gaba da baya, a sa dutse a ƙarƙashin taya, a bar karen mota yana gadi da tukunyarsa da ɗan garinsa, direba ya nemi gari mafi kusa. Ga wanda ya fito daga kudu, Gene ne babban matsayi na ƙarshe kafin kogi. Ga kuma kasuwar shanu da ke jawo motoci kowane mako. Aiki ya samu, masu aiki suka zauna.

Motocin wancan zamani, Berliet ta Faransa da Marsandi mai dogon hanci da 'yan Najeriya ke kira roka, ƙarfe ne zalla. Mai guduma da sifana da kunne mai kyau yana iya tayar da su. A saurari kukan inji a gane ciwonsa. Sifirin da ya karye a kai wa maƙeri, lagireto mai yoyo a liƙe shi, tsohuwar taya a yanka a yi faci da ita. Yaro ya shiga hannun maigida yana wankin kayan aiki, ya yi shekaru kafin a yaye shi ya buɗe rumfarsa. Babu takarda, sai shaidar direbobi. A ganina wannan shaidar ta fi takarda wuyar samu, domin direba ba ya yafe wa wanda ya ɗaure masa birki ya kwance a gangara.

Daga 1971 uraniyom ɗin Arlit ya shigo hanya, yana sauka Paraku a mota ya hau jirgi. Amma abin da ya fi sauya sana'ar shi ne karyar darajar sefa a watan Janairu na 1994, ranar da kuɗinmu ya rasa rabin ƙarfinsa a dare ɗaya. Sabon kayan gyara daga Faransa ya fi ƙarfin masu motoci. Aka koma ga na hannu daga tashar Kwatano da wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, su kansu motocin tsofaffin Turai ne da suka gama aikinsu a can. Tsohuwar mota ita ce abincin bakanike, sai rumfuna suka ƙaru. Jirgin ƙasa kuma ya yi ta raguwa, kaya suka koma tirela tun daga bakin teku har Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Nan ne ya kamata mu dubi kanmu. A Disamba 2005 ƙasashen UEMOA suka sa doka mai lamba 14 kan nauyin da kowane gatarin mota zai ɗauka. Kowa a cikinmu ya san yadda ake lodi. Ɗan kasuwa yana son buhu ɗari ya shiga inda aka yi wa saba'in, mai mota yana son kuɗin, a kai mota wurin mai walda ya ƙara ganyen sifirin da tsawon bodi. Sai a watan Maris ko Afrilu, kwalta na tafasa, taya ta fashe a hanyar Gene. In siminti ne, ya jira. In albasa ce, kwana uku a ƙarƙashin tamfol ya isa ta fara ruwa. In shanu ne, kowace awa asara ce, shi ya sa mai shanu ba ya cinikin kuɗin gyara. Sau da yawa bakanike yakan hau babur da daddare ya je ya tayar da mota, a ce masa sai an dawo daga Kwatano. Wasu sun dawo sun biya. Wasu sun sauya wurin tsayawa.

Motocin Sin irin su Howo da sababbin na Turai sun zo da nasu ciwon. Yawancin laifinsu na waya ne da na'ura, kunne ba ya kama shi, sai an kira mai kwamfuta daga Kandi ko Paraku. Dattawan sana'ar da yawa sun tsaya a birki da kulochi da sifirin.

Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO. Aka rufe gada, ɗaruruwan motoci suka yi layi a hanyar Malanbil makonni da watanni. Da farko aiki ya yi yawa: batir ya mutu, taya ta sace, birki ya kama saboda zama. Amma direban da bai sauke kaya ba ba shi da abin biya, aikin ya zama bashi. A Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi, Binin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe ba. Manyan kayan Nijar suka koma Lome su bi ta Burkina, abin da ya rage yana tsallake kogi a kwalekwale. Yaran gareji da dama suka ajiye sifana suka koma dako a bakin ruwa ko kabukabu, inda ake samun na yau a hannu. Dako ana koyonsa a yini ɗaya, bakanike kuwa sai ya yi shekaru.

Don haka nake roƙon taron bana ya duba abu biyu. A ɗauki sunayen masu rumfunan da suka rage daga Gene zuwa Malanbil da irin aikin kowa, a raba wa membobi da direbobinsu. Sannan duk bakaniken da ke bin ɗan ƙungiya bashin gyara ya samu damar kawo maganarsa ofis, a rubuta ta a littafi kamar yadda muke rubuta bashin da ke tsakaninmu.