Ma'anar kalmar 'dissuade' da yadda ake amfani da ita

Kalmar dissuade na daga cikin kalmomin aikatau na Turanci da kan ba masu fassara wahala, domin babu kalma guda a Hausa da ta yi daidai da ita.

Ma'anarta ita ce a shawo kan mutum da magana da hujja, har ya fasa abin da ya ƙudura.

Ana furta ta kamar 'disuwed', kuma ana rubuta ta da harafin s guda biyu. Asalinta daga harshen Latin ne, inda suadere ke nufin ba da shawara, ɗafin dis kuma ya juya ma'anar zuwa shawarar a bari.

Kishiyarta ita ce persuade, wato shawo kan mutum ya aikata wani abu.

Yadda ake gina jimla

Bayan dissuade akan ambaci wanda aka yi wa magana, sai kalmar from, sannan aikatau mai ƙarewa da ing.

A ɗauki misali da Aliero ta jihar Kebbi, garin da ya shahara da noman albasa. Farashi kan faɗi a lokacin girbi saboda kasuwa ta cika, ya kuma tashi bayan wasu watanni.

Idan manomi ya yi niyyar sayar da albasarsa duka a lokacin, sai yayansa ya nuna masa amfanin ajiya har ya haƙura, za a ce: His brother dissuaded him from selling the onions.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ce dissuaded him to sell, suna kwaikwayon persuade wadda ke tafiya da to.

Haka kuma jimlar na nuna cewa maganar ta yi tasiri, manomin bai sayar ba. Idan ya toshe kunne ya kai kayansa kasuwar Jega, sai a ce tried to dissuade, wato yayan ya yi ƙoƙari amma bai ci nasara ba.

Tsakanin shawara da hani

Sau da yawa akan fassara dissuade da 'hana'. To amma 'hana' tana da faɗi a Hausa: ta ƙunshi hanin doka, da tarewa da ƙarfi, da kuma nasiha.

Turanci ya raba su. Forbid da prohibit na mai iko ne, kuma wanda ya saɓa yana iya fuskantar hukunci. Prevent na nufin an tare hanyar aukuwar abin. Ita kuwa dissuade takan bar zaɓi a hannun mai shi.

Bambancin yana da muhimmanci ga mazauna bakin kogi. A shekarar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi, kuma Jega, wadda ke gaɓar kogin Zamfara, na cikin yankunan da abin ya shafa.

Hukumar NIHSA kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, jami'ai kuma su yi kira ga jama'a su guji wuraren da ruwa ke ci.

Idan rahoto ya ce jami'ai sun yi ƙoƙarin dissuade manoma, aka fassara da cewa 'an hana noma a fadama', manomi zai ɗauka doka aka kafa. Idan kuwa doka ce aka fassara ta da shawara, zai iya faɗawa hannun hukuma bai sani ba.

Kalmomi makusanta

Discourage ta fi sassauci, domin tana nufin sanyaya wa mutum gwiwa, ko ya fasa ko bai fasa ba.

Deter kuma tana aiki ne da tsoro. Direban da zai kama hanyar Jega zuwa Koko ta Maiyama da daddare, idan mahaifinsa ya lallashe shi ya kwana, dissuade ke nan. Idan fargabar hatsari ce ta tsayar da shi, deter ta fi dacewa.

Masu karanta Faransanci, kamar maƙwabta a Nijar da Benin, sai su lura cewa dissuasion a wancan harshe ta haɗa har da tsoratarwa. Da ita Faransa ke kiran manufarta ta mallakar makaman nukiliya, abin da Turanci ke kira deterrence.

Saboda haka kafin mai fassara ya rubuta 'hana', ya kamata ya duba ko mai maganar yana da ikon tilastawa, da kuma ko wanda aka yi wa maganar ya ji ya fasa.