J. B. Harley da Taswirorin Jakara

An haifi John Brian Harley a Ingila a cikin shekarar 1932. Ya koyar da labarin ƙasa a jami'o'in Liverpool da Exeter, sa'an nan ya koma Milwaukee ta Amurka a 1986, inda ya rasu a 1991. Shi da David Woodward ne suka ɗauki nauyin tattara tarihin taswirar duniya baki ɗaya, littafin farko kuwa ya fito a 1987.

Babban abin da Harley ya bar wa ɗalibai shi ne cewa taswira shaida ce irin ta ɗan Adam. Mai zana ta yana da manufa, yana da wanda ya aike shi, saboda haka wajibi ne a tuhumi abin da ya nuna, a kuma tuhumi abin da ya yi shiru a kansa.

Kano ta isa misali. Hugh Clapperton ya shigo birnin a 1824, ya ga fadamar Jakara ta raba shi biyu, ga kasuwa a bakinta. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, ya zana ganuwa da Dutsen Dala da Jakara, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000. To, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko su duka biyu, kuma hanyoyin ciniki suna cikin manyan abubuwan da take nema.

Haka nan taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton a Sakkwato, wadda aka buga a 1826, ta nuna kogin Kwara ya miƙa gabas, alhali kuwa teku yake faɗawa, kamar yadda Richard da John Lander suka tabbatar a 1830. Thomas Bassett, wanda ya yi nazarinta a wani kundin wannan tarihi na 1998, ya duba yiwuwar da gangan Bello ya ɓoye wa Turawa hanyar.

Gine-gine sun cinye mafi yawan fadamar Jakara, ruwanta ya koma magudana. Mai son sanin asalin girmanta dole ya nemi waɗannan tsofaffin zane-zane, amma lalle ya auna su da bayanin dattawan unguwannin da ke gefenta, domin abin da baƙo ya tsallake, ɗan gari ya san sunansa.